TARBIYYAR GIDA DA KARƁAR GASKIYA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda Ya halicci ɗan Adam a kan fiɗira, Ya ba shi ji da gani da zuciya domin ya rarrabe tsakanin gaskiya da ƙarya. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.



Maudu'in da aka ɗora mini in yi magana a kansa ya taso ne daga wani abu da duk mai fita wa'azi ya sani. Za a karanta aya ɗaya da hadisi ɗaya a gaban mutum biyu da ke zaune a kan tabarma ɗaya, unguwarsu ɗaya, ƙila ma sa'o'in juna ne. Da an tashi, sai ɗaya ya bi malami yana neman ƙarin bayani, ɗayan kuwa ya kaɗe rigarsa ya tafi yana cewa an zo wa mutane da sabon addini. Mukan yi saurin yanke hukunci mu ce na farko mai son gaskiya ne, na biyu mai taurin kai ne. Babu shakka shiriya a hannun Allah take, Yana ba da ita ga wanda Ya so. Amma Allah Maɗaukakin Sarki Ya sanya wa kowane abu sababi, kuma daga cikin manyan sabubban da ke buɗe kunnen mutum ko su toshe shi akwai gidan da ya tashi a ciki.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. Saboda rashin fahimtarta an sami ɗa ya daina gaida mahaifinsa, an fasa auren da aka riga aka sa wa rana, an raba masallacin unguwa gida biyu. Kuma saboda rashin fahimtarta muna iya wayar gari mu tarar da 'ya'yanmu sun riƙe abin da muke kira zuwa gare shi da irin riƙon da muke zargin wasu da shi.

ABIN DA GIDA KE ZUBA WA YARO

Hadisin fiɗira, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira (R.A.), ya karantar da mu abu biyu. Na farko, babu jaririn da ke zuwa duniya da kafirci a zuciyarsa. Na biyu, hannun iyaye shi ne hannu na farko da ke juya wannan zuciya, ya fuskantar da ita inda ya ga dama. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111 Miladiyya), ya ba da labari a littafinsa Almunƙizu Minad Dalal cewa abin da ya fara tayar masa da tunani tun yana saurayi shi ne lura da ya yi cewa 'ya'yan mabiya kowane addini a kan addinin iyayensu suke tasowa. Wannan ne ya sa ya ɗaura aniyar tantance abin da yake fiɗira ce ta asali da abin da yake gado ne kawai daga iyaye da malamai.

To, mene ne ainihin abin da gida ke zuba wa yaro? Idan muka duba za mu ga abubuwa uku ne. Na farko shi ne abin da ake gaskatawa: wane ne Allah, yaya ake salla, mene ne halal, mene ne haram. Na biyu shi ne waɗanda ake amincewa da maganarsu: yaro yana lura da wanda mahaifinsa ke cire wa takalmi, da wanda ake ambata a gida a yi tsaki. Na uku shi ne yadda ake yi da tambaya: idan ya ce don me, shin ana ba shi amsa, ko ana daka masa tsawa?

Yawancinmu na farkon kaɗai muke kallo. Alhali kuwa na biyu da na uku su ne ke hukunta abin da mutum zai yi ranar da aka zo masa da maganar da bai taɓa ji ba. Wanda ya yi karatun allo ya san cewa ko an wanke allo an yi sabon rubutu, idan aka ɗaga shi a rana sai a hangi inuwar tsohon rubutun a ƙasa. Haka zuciyar ɗan Adam take da abin da aka fara rubuta mata.

Alƙur'ani mai girma ya yi ta maimaita labarin mutanen da aka kira zuwa ga abin da Allah Ya saukar, amma ba su da wata hujja sai cewa haka suka tarar da iyayensu. Mai son dubawa ya duba Suratul Baƙara aya ta 170, da Suratul Ma'ida aya ta 104, da Suratu Luƙman aya ta 21, da Suratuz Zukhruf aya ta 22 zuwa ta 24. Amma mu lura da kyau, Alƙur'anin nan dai shi ne ya ambaci Annabi Yusufu (A.S.) a cikin kurkuku yana bayyana cewa shi mabiyin addinin iyayensa ne, Ibrahimu da Is'haƙu da Yaƙubu, kuma aka ambaci haka a matsayin yabo. Ke nan gado a kan kansa ba laifi ba ne, kuma Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Abin zargi shi ne a mayar da gado ya zama shi ne hujja, a ƙi ɗora shi a kan ma'auni.

DARASI DAGA MAKKA DA MADINA

Manzon Allah (S.A.W.) ya shekara 13 yana kira a Makka, a cikin danginsa, da harshensu, kuma su da kansu suke yi masa laƙabi da amintacce. Duk da haka mafi yawan manyansu suka ƙi. Mutanen Yasriba kuwa, wadda ta zama Madina, mutum 6 ne daga ƙabilar Khazraju suka fara haɗuwa da shi a Aƙaba a shekara ta 11 da aiko shi. Shekara na zagayowa mutum 12 suka yi mubaya'a, a shekarar da ta biyo baya kuma maza 73 da mata 2 suka yi, har aka yi Hijira a 622 Miladiyya. Me ya bambanta garuruwan nan biyu?

Yaron Ƙuraishu ya tashi yana jin cewa su ne ma'abota Harami, su ke riƙe da mabuɗin Ka'aba, su ke shayar da mahajjata da ciyar da su, kuma albarkacin wannan matsayi ayarinsu ke tafiya Sham da Yaman babu mai tare shi. A kewayen Ɗakin akwai gumaka 360, kamar yadda aka tarar ranar buɗe Makka, kuma ƙabilun Larabawa saboda su suke zuwa da dukiyarsu. Wanda aka rena a kan wannan, idan ya ji kalmar tauhidi, abin da kunnensa ke jiyo masa shi ne rushewar darajar gidansu da yankewar abincinsu.

Yaron Ausu da Khazraju kuwa ya tashi ne a maƙwabtaka da Yahudawan Banu Ƙainuƙa'a da Banun Nadir da Banu Ƙuraiza. Ko da yake shi ma gunki yake bauta wa, kalmomi irin su wahayi da annabci da littafi da hisabi ba baƙi ba ne a kunnensa, har ma Yahudawan sukan yi musu barazana da wani annabi da lokacin bayyanarsa ya kusa. Sannan yaƙin Bu'asu, wanda aka gwabza tsakanin ƙabilun biyu 'yan shekaru kaɗan kafin Hijira, ya cinye da yawa daga manyansu, ya bar mutane a gajiye suna neman abin da zai haɗa kansu. Nana A'isha (R.A.) ta bayyana wannan yaƙi a matsayin share fage da Allah Ya yi wa ManzonSa. Gaskiyar da aka kai wa garuruwan biyu ɗaya ce, amma ƙasar da irin ya faɗa a kanta ta bambanta.

Ku dubi kuma yadda Mus'abu ɗan Umairu (R.A.), wanda aka aika ya karantar da su, ya yi da Usaidu ɗan Hudairu lokacin da ya zo masa a fusace da mashi a hannu. Bai yi masa gardama ba. Ya nemi ya zauna ya saurara, a kan sharaɗin idan abin bai yi masa ba za a daina. Usaidu ya ga an yi masa adalci, ya kafe mashinsa ya zauna, kuma bai tashi ba sai da ya musulunta. Haka aka yi da Sa'adu ɗan Mu'azu, wanda ta dalilinsa kusan dukkan Banu Abdil Ash'hal suka shiga Musulunci a yini ɗaya. An ba mutum damar ya auna da kansa, shi kuma ya taso a inda ake ganin sauraren baƙo ba faɗuwa ba ce.

ABU ƊALIB DA SALMANU

Kada wani ya fahimci cewa tarbiyya sarƙa ce wadda ba ta tsinkewa. Mutum biyu sun ishe mu misali.

Abu Ɗalib ya reni Manzon Allah (S.A.W.), ya kare shi, ya shiga takunkumin da Ƙuraishu suka ƙaƙaba tare da shi, kuma ya san ɗan ɗan'uwansa ba ya ƙarya. Amma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa a lokacin da yake gargarar mutuwa, Manzon Allah yana roƙonsa ya furta kalmar shahada, sai Abu Jahal da Abdullahi ɗan Abu Umayya suka yi ta tuna masa abu ɗaya: zai bar addinin mahaifinsa Abdul Muɗɗalib? Ba su kawo masa hujjar cewa gumaka gaskiya ne ba, sunan uba kawai suka ambata, kuma ya wadatar. A kan haka aya ta 56 ta Suratul Ƙasas ta sauka.

Salmanul Farisi (R.A.) kuwa ɗan babban mutum ne a wani ƙauye na yankin Isfahan. Mahaifinsa ya tsare shi a gida saboda tsananin so, ya tashi a Majusanci har ya zama mai kula da wutar da suke bauta wa. Rana ɗaya ya wuce ta wata majami'a ya ji ibadarsu, ya tsaya ya yi tambaya. Mahaifinsa ya sa masa mari, ya kwance ya gudu Sham, daga nan Mausil, Nasibin, Ammuriyya, yana bin malamai ɗaya bayan ɗaya, har aka yaudare shi aka sayar da shi bawa, ya ƙare a Madina inda ya sami abin da yake nema. Wanda ya tashi a gindin wuta ya kai, wanda ya tashi a gindin Ka'aba bai kai ba. Saboda haka tarbiyya tana sauƙaƙa hanya ko ta tsananta ta, amma ba ta ɗauke wa baligi mai hankali nauyin neman gaskiya.

Sannan mu sani, ko bayan mutum ya karɓi gaskiya, saura na tasowarsa yana biyo shi. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙid Allaisi cewa a hanyar Hunainu, shekara ta 8 bayan Hijira, wasu sababbin shiga Musulunci sun nemi a sanya musu wata bishiya da za su riƙa rataya makamai don neman albarka, irin wadda mushirikai ke da ita mai suna Zatu Anwaɗ. Manzon Allah (S.A.W.) ya yi inkarin maganar da ƙarfi, ya nuna musu haɗarinta, amma bai kore su daga rundunar ba. Haka kuma ya gaya wa Nana A'isha (R.A.) cewa yana son mayar da ginin Ka'aba bisa harsashin Annabi Ibrahimu (A.S.), amma ya bari saboda mutanenta ba su daɗe da fita daga jahiliyya ba. Abin da yake asali ne na tauhidi bai yi shiru a kansa ba ko na sa'a ɗaya. Abin da yake akwai yalwa a cikinsa kuwa ya jinkirta shi domin ya san abin da zukatan mutanen nan suka tashi suna girmamawa.

A ƘASARMU

Mu dawo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, an haife shi a Maratta a 1754, ya tashi a Degel a gidan ilimi, kuma a wurin mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Babu malamin da ya yi masa tasiri kamar Malam Jibrilu ɗan Umaru, kuma Shehu bai taɓa ɓoye girman da yake ba shi ba. Amma da Malam Jibrilu ya tafi a kan kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai, Shehu ya rubuta ya saɓa masa, ya bayyana matsayin Ahlus Sunna, ba tare da ya zubar da mutuncin malaminsa ba. Haka kuma ya yi raddi ga wasu ɗalibai na zamaninsa da ke kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin ilimin tauhidi irin na littafi ba. Mutumin da ya rubuta Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bid'a shi ne dai ya tsaya ya kare imanin manomi da makiyayi. Wannan ita ce tarbiyyar da ta haɗa ladabi da bin dalili. Kuma da yake ya san daga ina gyara ke farawa, a cikin Nurul Albab ya zargi malaman da ke karantar da ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajoji ke kai karatu ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu.

Misali na biyu shi ne karatun boko. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903, kuma a 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Kakanninmu da yawa sun ɓoye 'ya'yansu. Kafin mu yi musu dariya mu tambayi kanmu: ta hannun wa abin ya zo? Ta hannun wanda ya rusa daularsu jiya-jiya, kuma suna da labarin makarantun mishan inda karatu ke tafiya tare da sauya addini. Ruwa ba ya tsami banza. Amma da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano a 1934, wadda ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947, aka ga ana zama a aji, ana bin jadawali, ana jarrabawa, kuma fiƙihu da Larabci ake karantawa a gaban malamai Musulmi, sai gidajen malamai suka fara sakin jiki. Daga nan irin su Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, suka fito. Tsarin aji bai sauya ba, hannun da ya miƙo shi ne ya sauya.

Misali na uku shi ne ƙablu da sadlu. An yi zamani a garuruwanmu da wannan mas'ala ta raba sahu, ta hana wani bin wani salla. Alhali hadisin ɗora hannun dama a kan na hagu yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ruwayar sakin hannu a sallar farilla kuma tana cikin Mudawwana ta hanyar Ibnul Ƙasim. Duka biyun a cikin littattafan mazhabarmu suke, kuma babu malamin kirki da ya ce sallar ɗayansu ta ɓaci. To me ya kawo zafin? Dattijon da ya shekara 60 yana salla yadda ya ga mahaifinsa da limaminsu suna yi, idan yaro ya ce masa ba haka ba ne, abin da yake ji shi ne ana cewa sallar mahaifinsa da ke kabari ba ta yi ba. Mai kira da bai gane wannan ba zai yi ta jera hadisai, shi kuwa dattijo yana kare kabarin ubansa ne.

Akwai kuma ɗaya gefen, domin buɗe kunne ga kowace sabuwar magana shi ma halaka ne. Rikicin Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980 ya ci rayuka fiye da 4,000, kuma da yawa daga mabiyansa matasa ne da suka baro garuruwansu, babu uba a kusa, babu ilimin da za su auna abin da ake faɗa musu. Wanda aka rufe masa ƙofa gaba ɗaya gaskiya ba ta shiga, wanda kuma aka bar shi babu ƙofa, kowace iska sai ta shigo.

MU DUBI KANMU

Yanzu na zo inda maganar ta fi shafarmu. An kafa Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya a 1954, Jama'atu Nasril Islam a 1962, ƙungiyar Izala kuma a Jos a 1978. Waɗanda suka amsa kiran komawa ga Alƙur'ani da Sunna a waɗancan shekaru, da yawansu sun biya farashi: wani an kore shi daga gida, wani an hana shi mata, wani an daina saye a shagonsa. Sun bar abin da suka saba ne saboda hujja ta bayyana gare su. Yau kuwa 'ya'yansu da jikokinsu a cikin abin aka haife su. Ba su bar komai ba, ba su nemi komai ba, tarar da shi suka yi.

Wannan ni'ima ce babba, amma tana tare da jarrabawa. Ka tari saurayi daga cikinmu ka tambaye shi don me yake yin kaza, don me ya bar kaza. Idan iyakar amsarsa ita ce haka ake yi a gidanmu, haka mutanenmu ke yi, to da me ya fi wanda yake yi wa kallon mai bin iyaye ido rufe? Allah ne kawai Ya sa aka haife shi a wannan gida ba wancan ba. Ba ina cewa kowa sai ya zama mujtahidi ba, domin Allah Ya umurci wanda bai sani ba ya tambayi ma'abota sani, kamar yadda yake a Suratun Nahli aya ta 43. Abin da nake tsoro shi ne ta'assubanci, wato mutum ya auna gaskiya da bakin da ta fito.

Ga gwaji mai sauƙi da kowannenmu zai yi wa kansa. Idan malamin da ba na ɓangarenka ba ya kawo ingantaccen hadisi da ya saɓa wa abin da ka saba, me kake ji a ƙirjinka? Idan kuma malaminka ya yi tuntuɓe a wata mas'ala, kana iya cewa a nan bai dace ba, kana kuma ci gaba da girmama shi, kamar yadda Shehu ya yi da Malam Jibrilu? Buhari ya ruwaito cewa Shaiɗan ne ya gaya wa Abu Huraira (R.A.) falalar karanta Ayatul Kursiyyu lokacin kwanciya, kuma Manzon Allah (S.A.W.) ya tabbatar da maganar tare da bayyana cewa mai faɗinta maƙaryaci ne. Idan an karɓi gaskiya daga wannan, yaya za a ƙi karɓarta daga Musulmi mai salla don kawai ba a masallacinmu yake ba? Kuma an ruwaito cewa wani halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa dukkan garuruwan Musulmi bin Muwaɗɗa, amma Imamu Malik da kansa ya hana, saboda sahabbai sun watsu a garuruwa kuma kowane gari ya riƙi abin da ya iso masa na ilimi.

Gidaje a wannan babi iri uku ne. Akwai gidan tsawa, inda tambaya rashin kunya ce, amsa kuma bulala. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808 bayan Hijira (1406 Miladiyya), ya ware fasali a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsanantawa ga mai koyo tana kashe masa zuciya, ta koya masa ƙarya da ɓoye abin da ke ransa. Yaron irin wannan gida ko dai ya girma a ƙage, ba ya jin kowa, ko kuma ranar da ya sami sarari ya watsar da komai, mai kyau da marar kyau. Akwai gidan sakaci, inda uba ya fita tun asuba sai dare, ya bar tarbiyya ga titi, yanzu kuma ga wayar hannu, inda yaro zai saurari masu magana goma a Facebook da TikTok kafin ya yi barci, babu wanda ya san su wane ne malamansu. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma yanzu maɗaukin kanwar a aljihun yaro yake kwana. Sai gida na uku, gidan dalili, inda ake cewa yaro yi kaza, ga abin da ya sa, kuma idan uba bai san amsa ba ya ce mu je mu tambayi malam. Ɗan wannan gida shi ne ke iya sauraren sabuwar magana ba tare da tsoro ba, domin yana da abin da zai auna ta da shi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ga masu wa'azi da malaman Islamiyya: kafin ka buɗe littafi, ka san gidan da mai sauraronka ya fito. Ka bambanta wanda gaskiya ta bayyana gare shi ya ƙi saboda girman kai, da wanda ke tsoron saɓa wa iyayen da yake ƙauna. Ka fara da abin da kuka haɗu a kansa. Kada ka zagi mamacin da yake girmamawa sannan ka sa ran zai ba ka kunnensa. Ka rarrabe asali da reshe: tauhidi ba a sassauci a cikin bayaninsa, amma mas'alar da malamai suka yi saɓani a kanta tun zamanin magabata ba za ta zama dalilin raba sahu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga iyaye, musamman iyaye mata, domin a cinyarku ake rubutun farko: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Ku koya wa yara hukunci tare da dalilinsa gwargwadon hankalinsu. Ku kiyaye harshenku a gabansu game da sauran Musulmi, domin yaron da ya tashi yana jin ana kiran maƙwabci da munanan sunaye a kan tabarmar cin abinci, da wuya ya girma ya saurari maƙwabcin nan ko da gaskiya ce a bakinsa.

Ga matasa waɗanda Allah Ya fahimtar da su abin da iyayensu ba su kai gare shi ba: ku karanta Suratu Maryam aya ta 42 zuwa ta 45, ku ga yadda Annabi Ibrahimu (A.S.) ya kira mahaifinsa mai bautar gumaka sau huɗu da lafazin ladabi da tausasawa. Ku tuna Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.), wanda mahaifiyarsa ta yi rantsuwar ba za ta ci ba ba za ta sha ba sai ya bar Musulunci. Bai bar addininsa ba, kuma ayar da ta sauka a kansa ta haɗa hana yin biyayya a cikin shirka da umurnin kyautata wa iyaye. Asma'u 'yar Abubakar (R.A.) ma an umurce ta da sada zumunci da mahaifiyarta alhali tana mushirika. To ina ga iyayenku, waɗanda Musulmi ne, su suka koya muku alwala da Fatiha, su suka tashe ku sallar asuba? Ilimin da ya sa ka daina durƙusa musu da harshe mai taushi, ka koma ka sake duba yadda ka fahimce shi. Sau da yawa abin da ke sa uba ya saurari ɗansa shi ne ya ga tun da ya fara zuwa karatun nan ladabinsa ya ƙaru, hidimarsa ta ƙaru.

Muna roƙon Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta ko daga ina ta zo, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata ko da a gidanmu muka tarar da ita. Allah Ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu, Ya saka musu da alheri a kan abin da suka koya mana, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya haɗa kan Musulmi a kan Littafinsa da Sunnar ManzonSa (S.A.W.).